Ƙyauren da Baba Ya Ɗauko Daga Kango

A gidanmu na ƙauye, can gefen Tsanyawa, ba a raba Iya da bakin murhu. Idan an sauke tuwo, kowa ya ci ya wanke hannu, ita ba ta barin wutar ta mutu. Sai ta jawo 'yar kujerarta, ta tura guntayen kara, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu kuma mu matso. Gonaki sun kewaye gidajenmu ta ko'ina, har idan dawa ta yi tsayi ba ka hango rufin maƙwabcinka, sai dai ka ji tarinsa. Da magariba ta wuce, duniyarmu takan tsaya iyakar inda hasken wutar Iya ya kai. Abin da ke bayan nan ba mu da hurumi da shi sai gari ya waye.

Iya ita ce ta haifi Babana, kuma shi ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki, ko ido ba sa haɗawa. In tana da buƙata a wurinsa sai ta kira ni: “Hansai, je ki ce wa mai gidan nan gishiri ya ƙare.” Yana nan zaune yana jin ta, amma sai na taka na je na maimaita. Shi kuma ya ce, “Ki ce mata na ji.” A lokacin wasa na ɗauki abin, har daɗi nake ji in an aike ni.

A shekarar da nake ba ku labari, Iya ta ba ni kaza. Fingi ce, gashinta duk a murɗe kamar wadda iska ta hura ta baya. Mummuna ce, na sani, amma ita ce abu na farko a duniya da aka nuna aka ce nawa ne. Da ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, na rasa inda zan sa kaina don murna. A ƙarƙashin rumbu suke kwana, har ranar da muzuru ya ɗauke ɗan tsako guda, na tashi na tarar da gashi a ƙasa. Na wuni ina kuka.

Lokacin kuwa gidan ba kowa. Innata ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Kunci, Iya ta bi ta don suna ta ɗan kwana biyu. Daga ni sai Baba, sai Rahila 'yar maƙwabtanmu da ke zuwa taya ni kwana. Baba ya ga kukan ya yi yawa, ya ce zai yi wa kazar akurki. Amma ya ce na ƙasa sai an kwaɓa, an gina, an jira ya bushe, ga shi girbi ya taso ba shi da wannan sukunin. Sai ya nufi kangon gidan Barau.

Kangon yana bayan gonarmu. Mutanen gidan sun tashi sun koma wajen birni tun ban yi wayo ba, ɗakunan suka rufta, ciyawa ta cinye tsakar gidan. Mu yara ko akuya ta shiga ba ma bin ta. Daga can Baba ya ɗauko tsohon kwano, da guntayen azara, da wani ƙyaure na katako mai kauri, baƙi ƙirin, duk jikinsa tsage-tsage. Ya sa zarto ya raba shi biyu. Rabi ya yi wa akurkin ƙofa da shi, rabi ya jingine a bangon ɗakinmu, daidai saitin taga. Kafin la'asar ya gama komai.

Baban Rahila ya leƙo ta kan danga ya ce, “Kai, maƙwabci, wannan ai ya fi ɗakina. In matar gidan ta kore ni, nan zan zo in kwana.”

Baba ya yi dariya ya buga ƙyauren da tafin hannu. “Kuma ko sisi ban kashe ba. Muzurun da zai buɗe wannan ba a haife shi ba tukuna.”

Ni ma na yi murna. Da hannuna na kora fingi da 'ya'yanta ciki, na rufe, na ɗaure da igiya.

Kwana na farko lafiya. Daga nan sai abu ya fara. Da safe in na kwance igiyar, sai in tarar da ɗan tsako a kwance, ya miƙe ƙafa. Babu jini, babu rauni, babu gashi a warwatse. In na ɗaga shi sai in ji shi sakayau kamar ƙaiƙayi. Ƙullin igiyata yana nan yadda na yi shi. Na duba ƙasa ko zan ga sawu, ban ga komai ba. Washegari ma haka. Ita kanta fingin ta daina tono, ƙorar kanta ta yi fari, tana tsayawa wuri ɗaya da fikafikai a sake. Da yamma in na zo kora ta ciki sai ta ƙi, ta yi ta zagaye akurkin tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, sai na kama ta da ƙarfi. Na kai ga ina tsoron dosar akurkin da safe. Muzuru na san shi, na san abin da yake bari a baya. Wannan kuwa ban san mene ne ba.

Ranar da Iya ta dawo, tun ba ta sauke ƙunshin kanta ba idonta ya faɗa kan ƙyauren. Ta tsaya cak. Ta dubi rabin da ke jikin akurki, ta juya ta dubi wanda ke jingine a ɗakinmu. Na ba ta labarin 'yan tsakin ina shessheƙa. Ta ce in kamo mata kazar. Ta ɗaga fiffikenta ta daɗe tana dubawa, sannan ta sake ta.

“Je ki ce wa mai gidan nan, ƙyauren can ba na kaji ba ne. A fitar da shi.”

Baba yana zaure yana wasa lauje. Na faɗa masa. Bai ko ɗago ba.

“Ki ce mata sanyi ne ke kashe 'yan tsaki, ba katako ba. Tsofaffi da camfi! Ki kuma ce mata gobe in Allah ya kai mu zan kafa ragowar a tagar ɗakinku, ku ma ku huta da iska.”

Na dawo na maimaita, amma na cire maganar camfin. Iya ta shiga ɗaki ta daɗe. Na yi zaton za ta ce in ɗauko kazar ta kwana a wajenta, amma ba ta faɗa ba. Sai da na girma na gane cewa fitar da kazar daga ginin da ya yi da hannunsa, wanda maƙwabta suka yaba, daidai yake da ta tsaya a tsakar gida ta ƙaryata shi. Don haka da rana ta faɗi na sake tura fingi ciki, tana fisge-fisge, na ɗaure igiya.

Bayan an ci tuwo, Rahila ta shigo da zanen rufarta. Baba ya shimfiɗa buzunsa a bayan zanar da ta raba tsakar gida da turakarsa, ya kunna rediyo kamar kullum. Iya ta gyara wuta. Abin da na lura, ranar ba ta binne gyaɗa ba, kuma ta juya kujerarta ta ba zanar gefe maimakon baya.

“Ga wata nan ta taso daga nesa,” in ji ta, yadda takan buɗe tatsuniya. “Ku matsa ku ba ta wuri.”

Muka ce, “Ta shigo, mun share mata.”

Ta ce an yi wata mata mai tsince-tsince. Duk abin da ta gani a yashe sai ta ɗauka: fasasshen kasko, tsinkakkiyar igiya, takalmi ƙafa ɗaya. Ba muguwa ba ce, hannunta ne dai ba ya iya wuce abin banza. Tana da 'ya guda da kaji cike da gida. Wata rana ta bi ta wani kango ta ga ƙyaure a tsaye, bango duk ya zube amma shi bai faɗi ba. Ta ce, “Kai, wannan asara da yawa take.” Ta ciccibo shi ta kawo gida ta sa wa akurkinta.

“Abin da ba ta sani ba,” Iya ta rage murya, amma ba irin ragewar da ke hana na nesa ji ba, “shi ƙyaure ba ya mantuwa. Duk wanda ya taɓa kwana a bayansa, ɗan gida ne a wurinsa har abada. Kuma kango ai ba ya zama ba kowa. In mutane sun tashi, wasu ne ke tarewa.”

Rahila ta ce, “Su wa, Iya?”

“Ke da kika tambaya, je ki leƙo mana yanzu ki zo ki faɗa.”

“Wayyo, ni ba ni ba!” Rahila ta cusa ƙafafunta ƙarƙashin zanena.

Iya ta ci gaba. Ta ce da almuru ta yi, matar tana ɗaki, sai ta ji wata 'yar siririyar murya daga wajen akurki. A nan Iya ta matse hancinta ta rera:

“Ƙyaure, ƙyaure na gidanmu,
a jikinka muka yi rarrafe.
Mun biyo ka da yunwa,
buɗe mana, buɗe.”

Sai ƙyaure ya ce ƙiiii. Da safe matar ta tarar da kaza a kwance. Ba jini, ba rauni, ba nauyi. Ƙofa kuma a rufe.

Ni kuwa ban taɓa faɗa wa Iya cewa 'yan tsakin ba su da nauyi ba. Akurkina yana nan a bayana, taku kaɗan, a cikin duhu, kuma na kasa juyawa.

Ta ce matar ta ɗaure da igiya, ƙyaure ya buɗe. Ta tokare da turmi, ƙyaure ya buɗe. Ta kwana a bakin wurin da taɓarya a hannu, ba ta ga kowa ya zo ba, amma ta ji muryar, kuma kamar daga cikin katakon take fitowa. Kowace almuru waƙa, kowace safiya gawa. Iya ta rera waƙar sau uku, kowane karo muryarta na ƙara siranta, har na toshe kunne da hannu amma ina ji. Haka dai har kaji suka ƙare ƙaf.

“To, uwar kaji,” ta dube ni, “in ke ce, me za ki yi da ƙyauren?”

Na ce, “In yar da shi.”

“Ai ke kina da hankali. Ita kuwa ta tsaya ta dube shi ta ce, ‘Katako mai kauri haka, ya zauna a banza?’ Sai ta cire shi daga akurki, ta kai ta kafa a ɗakin da 'yarta ke kwana.”

A daidai nan rediyon Baba ya yi shiru. Ban san ko tun yaushe yake rage shi ba, na dai ji babu shi. Babu abin da ake ji sai ƙarar kara a wuta da kukan gyare a gona.

Iya ta ce matar ta tafi rijiya da yamma ta yi latti. Tana dawowa da tulu a ka, rana ta faɗi, 'yarta ta riga ta shiga ɗaki ta kwanta. Tana sa ƙafa a tsakar gida sai ta ji muryar nan, ba a wajen akurki ba yanzu. “Ƙyaure, ƙyaure na gidanmu...”

Sai Iya ta ɗauki kara ta shiga tona toka.

“Sai me, Iya?” in ji Rahila. “Ya buɗe?”

“Iyakar abin da ya zo hannuna ke nan.”

“Haba Iya! Yarinyar fa?”

“Sauran yana wurin masu gida.”

Ni kuwa idona yana kan rabin ƙyauren da ke jingine a bangon ɗakinmu. Hasken wuta na taɓa shi yana barinsa, tsagogin jikinsa suna kama da bakuna. Na fashe da kuka, irin wanda ba ya fita da sauti. Iya ta jawo ni ta ɗora hannu a bayana, sai na ji hannun yana kakkarwa. Wannan ya fi tatsuniyar ba ni tsoro, don ban taɓa sanin akwai abin da Iya ke tsoro ba.

Sai muka ji motsi a bayan zana. Baba ya fito. Bai dubi kowa ba. Ya wuce akurki ya tsinke igiyata, ya zura hannu ya ciro fingi da 'yan tsakin da suka rage, ya zuba mini su a cinya. Jikin kazar ba ɗumi sosai, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Ya koma ya fizge ƙyauren, ya jawo ɗaya rabin daga bangonmu, ya shimfiɗa su a tsakiyar gida. Sannan ya tsaya. Wuta yake so, wutar kuwa tana gaban Iya. Ita ta kau da fuskarta gefe, ta sa ƙafa ta tura masa damin kara. Ya sunkuya ya kunna, ya koma ya shiga bin tsagogin katakon da harshen wutar.

Da farko ba abin da ya faru. Can sai katakon ya fara motsi. Wallahi haka idona ya gani. Daga kowace tsaga wasu abubuwa suka riƙa bulbulowa, masu faɗi kamar kuɗin cizo, wasu a shafe, wasu sun kumbura suntum da jini. Suna gudu ta ko'ina, wuta na cim musu suna fashewa, tas, tas, tas. Wari ya cika gidan.

Rahila ta ƙwalla ƙara, “Wayyo Yesu! Su ne! Su ne masu waƙar!”

Babanta ya faɗo gidan da sanda, yana zaton maciji ne. Da ya haska fitila ya gani sai ya ja da baya. “Kaskar kaji! Maƙwabci, ai ɗakin kajin Barau ka ciro wa ƙofa. Waɗannan ko shekara nawa za su yi a cikin katako ba ci ba sha, suna jira.”

Baba ya tara kara a kan rabi biyun ya cinna musu wuta gaba ɗaya, ya tsaya har suka zama gawayi. Mu kuwa a ɗakin Iya muka kwana, ni da Rahila da kazar a ƙarƙashin kwando. Na daɗe ina saurare ko zan ji waƙa.

Da safe, kafin ya tafi gona, Baba ya kwance akurkin duka. Azarar ya ƙone ta. Kwanon kuwa bai yar ba, ya ɗora shi a kan wuta har ya yi ja, ya ajiye gefe. Ya kwaɓa ƙasa, ya yanko sabon kara daga gonarmu ya zube a ƙofar ɗakin Iya, ya juya. Ita ta zauna ta saƙa 'yar ƙofa da shi. Shi yana can yana gini, ita tana nan tana saƙa, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Ƙofar ba ta da wani ƙarfi, sai an tokare ta da dutse. Iya ta riƙa shafa wa fingi man shanu da toka a ƙarƙashin fiffike, a hankali ƙorarta ta dawo ja. 'Yan tsakin da suka rage suka rayu.

Na sha tambayarta ƙarshen tatsuniyar. Kullum amsarta ɗaya ce: “Ke da kika gani da idonki, me kuma zan ƙara miki?” Har ta rasu ba ta sake yin ta ba, kuma ban taɓa jin ta a bakin kowa ba.

Yanzu ina aure a wajen Ungogo, inda gidaje ke ta cinye gonaki. Da girmana na shiga ajin manya na koyi karatu, shi ya sa nake iya rubuta wannan da hannuna. Ina kiwon kaji a bayan gida, kuma ba zan ɓoye ba, akurkina kusan duk tsofaffin kaya ne: kwanon da aka sauke daga wani shago, ragar gidan sauro, katakon wani tsohon gado. Sabo ba kowa ke iya kai masa ba. Ban ɗauki tatsuniyar Iya a kan haramta tsoho ba, tunda na ga Baba ya gasa kwano ya mayar. Abin da na riƙe shi ne, kafin abu ya kwana a gidana sai na san inda ya kwana jiya, kuma sai ya bi ta wuta ko tafasasshen ruwa.

Na daɗe ina ganin iyakar darasin ke nan. Sai bara, ɗana na fari, wanda ni ma ba na kama sunansa, ya shigo da katakai a bayan a-daidaita-sahu, yana ta murna. Wai wata gonar kaji ce aka rufe, aka ce kowa ya kwasa. Zai faɗaɗa mini akurki. Ya sauke su yana yi wa ƙannensa bayani, ni kuma ina tsaye ina kallon tsagogin jikinsu. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. A nan na ji abin da ya sa hannun Iya rawa a bayana. Ba ƙyauren take tsoro ba. Tsoronta shi ne ta san abu, wanda ya kamata ya ji yana nan kusa da ita, amma bakinta ba ya kaiwa gare shi.

Ni ba ni da jikar da zan tsorata, kuma ban iya ƙirƙirar tatsuniya a zaune ɗaya ba. Sai na juya na fuskanci bango, na ce wa bangon, “Katakon nan a sa masa wuta kafin ya kwana a gidan nan.”

Shi ma, kansa a ƙasa, ya ce, “To, Inna.”

Shi ke nan fa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, tausayin Iya ya kama ni har da hawaye. Ita sai da ta bi ta kango da rijiya da muryar almuru, ta sa jikarta kuka, kafin ta isar da abin da na faɗa da numfashi ɗaya. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta.